Ƙarfen da Ke Kwana a Kananzir

Shekara talatin da bakwai Baba Gershon ya yi yana rataye da makulli ɗaya a wuyansa, kuma ni ce sanadin da aka sa ya cire shi. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya karanta ya ɗauka ni ce mai gaskiya a labarin.

Sunana Joanna, 'yar Gwantu ce ni, bayoloji na karanta. A shekarar 2022 aka ɗauke ni koyarwa a wata sakandaren ekklisiya da ke bayan garin Kafanchan, inda in ka tsaya a filin ƙwallo kana hango dutsen Kagoro. Ni mutum ce mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma a wurin uwata na gada. Citta take saye a ƙauyuka, ba ta taɓa karɓar buhu ba sai ta zura hannu har gindinsa ta laluba ko an sa tsakuwa. Ko ƙanenta ne ya kawo sai ta zura. Haka na tashi. In mutum ya cika yi mini fara'a, sai in fara tunanin abin da ya ɓoye a gindin buhu.

Baba Gershon bai yi mini fara'a ba ko kaɗan, amma hakan bai kuɓutar da shi ba. Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na makarantar, wanda kowa ke ce wa lab. Dogo ne, siriri, ya wuce sittin, kullum cikin wata rigar kaki da ta koɗe a kafaɗa. A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife shi. Ubansa leburan reluwe ne, shi ya kawo su Kafanchan lokacin da jirgi ke cika tasha da mutane. Firamare kawai ya gama. A 1985 ya samu aikin shara a makarantar, sai wani malamin kemistiri Ba'indiye ya lura da yadda yake wanke kwalabe ba ya fasa ko ɗaya, ya jawo shi cikin lab, ya koya masa sunayen kaya da inda kowanne ke zama. Da Ba'indiyen zai tafi hutu ƙasarsu a ƙarshen shekarar ya rataya masa makullin sito a wuya. Bai sake dawowa ba, makullin kuma ya zauna a wuyan Baba.

A majami'a dattijo ne. Ranar jibin Ubangiji yana cikin masu zagayawa da farantin gurasa, kuma ba abin da yake ji da shi a duniya kamar wannan. Matarsa, Mama Afiniki, ta taɓa gaya mini cewa tun ranar Alhamis yake sa a goge masa rigar da zai sa. Yana da 'yar gonar citta, da keke, da 'ya'ya huɗu da duk suka yi karatu a makarantar suka watse. A garin in aka ce Gershon, sai a ce wanda ba ya taɓa kayan mutane.

Lab ɗin ɗaki biyu ne. Na waje mai bencuna, kowa na shiga. Na ciki shi ne sito, kuma ba malamin da ke makarantar a lokacin da ya taɓa sa ƙafa a ciki. In kana son abu sai ka faɗa, ya shiga, ya jawo ƙofa a bayansa, ya fito da shi. An ce da can ba haka yake ba. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya taɓa aron makullin na yini ɗaya, aka wayi gari babu madubin ƙara girma guda, tun daga nan Baba ke kallon kowane sabon malami kamar ɓarawon da bai samu dama ba tukuna. Ranar da na fara zuwa ya dube ni daga kai har ƙafa, ya fi daɗewa a kan jakata. Ni ma na dubi makullin da ke wuyansa. Ba mu ce wa juna komai ba bayan gaisuwa, amma kowa ya gane ɗan'uwansa.

Malamin kemistiri ya bar aiki kafin in zo, ba a samu wani ba. Shugaban makarantar, Malam Nathan, ya ce tunda babin farko na bayoloji ma da ƙwayar zarra yake farawa, in haɗa duka in koyar wa 'yan aji huɗu. Na tsaya gaban allo ina gaya wa yara cewa duk abin da suke gani, har jikinsu, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da tsakiya, inda firoton da nutiron suke a dunƙule, ilektiron kuma suna kewaye da su layi-layi. Yawan firoton shi ke bambanta wannan sinadari da wancan: shida kabon ne, takwas oksijin, ɗaya tak haidirojin. Na ce musu mafi yawan jikin mutum waɗannan uku ne da naitirojin, sauran kaɗan-kaɗan ne amma in babu su ba rai: kalsiyam a ƙashi, ƙarfe a jini, sodiyam a jini da jijiya da gumi da hawaye. Suka kwafa tsaf, suna kallona kamar mai karanta musu sanarwar gwamnati. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, za mu gan su kuwa, ko sai a jarrabawa?"

Dole na je wurin Baba. Ya saurare ni yana murtuke da fuska, ya shiga sito, ya fito da tire. A kai akwai gawayi, da ƙusar layin dogo, da guntun farar wuta, da wayar tagulla, da ɓawon ƙwai da ya daka. Yana ajiye su yana faɗin halinsu kamar mai gabatar da dangi.

"Wannan mai haƙuri ne," ya ce yana taɓa tagullar. "Ki bar shi shekara goma, zai yi kore kaɗan, shi ke nan. Wannan ƙarfe, ruwa ne magabcin shi. Farar wuta kuma kada ki bar yara su ƙona shi a cikin aji, zai sa su tari."

Na ce, "Baba, sodiyam fa? Na ga sunansa a tsohon jerin kaya."

"Akwai."

"To a kawo mana mana."

"Yana barci," ya ce, ya kulle ƙofa, ya mayar da makulli cikin riga.

Wannan kalma ta tsaya mini a rai. Bayan sati biyu kuma na gan shi ya fito daga ofishin Malam Nathan da galan na kananzir. Na tambayi magatakarda, ya yi dariya ya ce ai haka ake kowane zangon karatu tun kafin a haifi shi magatakardan: galan guda, na sodiyam. A wannan shekara kananzir ya yi wuya, gidaje da yawa sun ajiye risho sun koma gawayi, don haka galan guda ba abin wasa ba ne. Na san a littafi cewa a cikin kananzir ake nutsar da sodiyam don kada iska ko ruwa su taɓa shi. Amma na san kuma cewa kofi ɗaya ya ishe shi, kwalbar da ke rufe ba ta shan mai, kuma ƙarfe irin sodiyam da aka ajiye tun kafin a haife ni ai ya daɗe da zama farin gari. Sai na ji hannuna yana ƙaiƙayin gindin buhu.

Na fara lura. Rigarsa warin kananzir take yi ko da safe, kafin ya buɗe lab. Ranar da ya karɓi galan, da aka tashi na ga ya ɗaure shi a bayan keke ya nufi gida. Na ce wa kaina ƙila na yi kuskuren gani. Sai Mama Afiniki ta kwanta zazzaɓi, muka je gaishe ta da matan zumuntar majami'a. Ana cikin addu'a, kowa ya rufe ido ban da ni, na hango kwalabe uku farare jere a kan taga, cike da kananzir, rana na haskawa ta cikinsu. A ƙarƙashin benci ga galan, da sunan makarantar an rubuta da jan fenti. Da aka ce amin, tawa ta fi ta kowa ƙarfi, don na samu abin da nake nema. Kunya nake ji yanzu in na tuna, amma a ranar daɗi na ji.

Washegari na gaya wa Malam Nathan. Shi mutum ne mai gudun rigima, ya so ya danne, amma na ce masa in bai kai gaba ba ni zan kai. Magana ta je kwamitin makaranta, wanda Fasto Eli ke shugabanta, kuma Fasto Eli shi ne faston majami'ar da dukanmu muke zuwa. Aka kira Baba, aka kira ni.

Fasto ya ce, "Dattijo, gaskiya ne kana kai kananzir na makaranta gidanka?"

"Ina kaiwa."

"Don me?"

"Don ya kwanta."

Wani a cikin kwamitin ya yi dariya, Fasto bai yi ba. Ya ɗauka raini ne. Ya ce to a fito da sodiyam ɗin kowa ya gani, ga malama nan ta san aikinta.

Baba ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ba a buɗe kwalba nan sai malamin kemistiri na gaske ya zo. Haka aka ce mini."

Na gaske! Raina ya ɓaci. Na ce wa kwamiti a fili, ina kallon idonsa, cewa ban yarda akwai komai a kwalbar ba, kuma ko da akwai, ya mutu tun tuni, an mayar da shi hujjar ɗibar mai ne kawai. Baba mutum ne da in aka taɓa mutuncinsa bakinsa ke rufewa, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Aka ce ya ajiye makulli. Ya daɗe yana kwance igiyar, don ƙullin ya riga ya haɗe da datti da gumi, daga ƙarshe sai da ya cire ta ta kai. A wuyansa akwai layi fari inda rana ba ta taɓa gani ba.

Ranar Lahadi aka sanar da cewa an sa Dattijo Gershon a horo har sai an gama bincike. Wanda bai san majami'unmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ba a kore ka, ba a zage ka. Ana dai ce maka ka koma bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, ba ka cin jibi, ba ka taɓa faranti, kuma duk wanda ya shigo ko ya fita sai ya wuce ta gabanka. Can ake zaunar da waɗanda suka yi cikin shege da mashaya. Baba ya tashi daga layin dattawa da Littafinsa a hammata, ya taka har baya, ya zauna. Mama Afiniki, da ba a ce mata komai ba, ta tashi daga cikin mata ta bi shi.

Duk da haka bai fasa zuwa makaranta ba. Kullum ƙarfe bakwai yana nan, ya jingine keke, ya zauna a kan wani dutse a gefen lab har a tashi. Watan Maris ne, zafi kamar a dafa mutum. A sati na biyu ya tare ni a hanyar aji, ya cire hula, abin da bai taɓa yi mini ba.

"Malama, don Allah ki ce wa firinsifal a duba layi. Akwai jan layi a jikin kwalba. Kada mai ya sauka ƙasa da shi. Zafi nan yana shan shi."

Na ce na ji. A raina kuwa na ce, ga dabara, so yake a buɗe masa ya gyara abin da ya ɓata. Ban gaya wa kowa ba. Makullin na cikin aljihun teburin Malam Nathan, shi kuma yana ta ɗaga ranar bincike don ba ya son ganin ƙarshenta. Sai a sati na uku ya miƙo mini ya ce in shiga in duba abin da ke ciki kafin kwamiti ya zauna.

Na shiga ni kaɗai. Ɗaki ne ƙarami, babu taga sai 'yar kafa a sama, a share tas, kowace kwalba da sunanta da rubutun hannu irin na mutanen da. Abin da na fara tuntuɓe da shi gwangwanin madara ne. Na duƙa na duba. Kowace ƙafa ta kantocin ajiye kwalabe, su takwas, tana tsaye ne a cikin gwangwani don hana gara hawa, kuma kowane gwangwani yana warin kananzir, sai dai duk sun bushe. A ƙafa ɗaya ta kusurwa gara ta riga ta ja hanyarta ta ƙasa ta hau katako kamu guda. Ginin na ƙasa ne aka shafe da siminti, kantocin na katako, a kansu kuma akwai kwalaben asid. Ban buƙaci kowa ya yi mini bayanin inda galan yake tafiya ba.

Kwalbar sodiyam ɗin tana can ƙasa, a cikin bokitin busasshen yashi. Murfinta ya tsage, an naɗe shi da robar tayar keke. Ga jan layin, ga mai ya sauka ƙasa da shi, saura kaurin yatsa ɗaya ya bar abin da ke ciki a fili. Abin kuwa wani dunƙule ne kamar guntun tsohon sabulu, fari-fari da toka-toka, babu ko alamar ƙarfe a tare da shi.

Ya kamata a ce nan take na tuba. Ban tuba ba. Mai zargi ba ya sakin abu gaba ɗaya, sai ya riƙe wutsiya. Na ce to, gwangwanaye gaskiya ne, amma me ya kai mai gida? Kuma wannan dunƙulen ai matacce ne, a nan dai ban yi ƙarya ba. Na fita na sami Baba a kan dutsensa, na tambaye shi kai tsaye.

Ya ce masu sayar da kananzir suna barin duro a waje, ruwa na shiga, wasu ma da gangan suke zubawa. Ba'indiyen ya gargaɗe shi cewa ɗigo ɗaya na ruwa ya isa ya tayar da wuta. Don haka yake zuba man a fararen kwalabe, ya jera a taga inda akwai haske, ya bar shi sati guda. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, ya gan shi da idonsa. Sai ya tsiyaye na sama kaɗai ya kawo wa kwalbar, sauran ya zuba a gwangwanaye. Sito ba haske, lab na waje kuma yara ne ke shiga.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗi haka a gaban kwamiti?"

"Na faɗa. Na ce don ya kwanta. Suka yi dariya."

Sai na jefa masa tambayar da na tanada don in ci nasara ko da rabi ce. Na ce, "Ka taɓa ganin abin nan ya yi wani abu da idonka?"

Ya murza hularsa.

"Ban taɓa ba," ya ce. "A sati da zai tafi aka kawo shi. Ya ce in ya dawo zai nuna wa yara, ni ma in gani. Malamai sun zo sun tafi, ban yarda da hannun su ba. Malama, zan gaya miki abin da ko mata na ban gaya wa ba. Wani lokaci in ina zuba mai, sai zuciya ya ce mini, Gershon, dutse ne kawai kake yi wa wanka. Shi ya sa ban so a buɗe ba. In an buɗe aka ga ba komai, me zan ce na yi da shekaru na?"

Ashe ba ni kaɗai ke zarginsa ba, shi ma yana zargin kansa, kuma ya riga ni da shekaru. Na ce masa ya je gida ya kawo kwalba ɗaya daga taga. Ya hau keke da saurin da ban san yana da shi ba. Shi ya zuba man da hannunsa har ya kai jan layi, ni ina riƙe da ƙofa.

Ranar Juma'a kwamiti ya zo. Na ce ba a ofis za a zauna ba, a fili, kuma a fito da 'yan aji huɗu su tsaya nesa a bayan igiya. Sau ɗaya na taɓa ganin an yi wannan gwaji a jami'a, shi ma daga nesa. Aka ajiye babban baho da ruwa rabi, na shimfiɗa 'yar takarda a kan ruwan. Na shanya wuƙa da hantsaki a rana har na tabbata babu laima. Baba ya ɗauko kwalbar da hannu biyu, ya durƙusa ya kwance robar.

"Ki yi," ya ce. "Ke ce malama da muke da shi."

Na ciro dunƙulen na ɗora a busasshen faranti, na sa wuƙa. Ta shige cikinsa sumul kamar dafaffiyar doya. Ɓawon ya rabu, kuma a ciki, wallahi ban manta ba, ga abu yana walƙiya kamar sabon cokali. Muna kallo hasken ya fara dushewa, iska na cinsa. Na yanki kamar ƙwayar wake, na mayar da sauran cikin mai, na miƙa hannu da hantsaki na saki guntun a bahon, na ja da baya.

Ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo, ya kama gudu a kan ruwa yana huci, ya bugi wannan gefe ya koma wancan. Da ya maƙale a takardar sai wuta ta tashi, rawaya shar, a tsakiyar ruwa, ta yi ƙara fat, ta mutu. Yara suka kwashe da ihu, wasu suka ruga da gudu suna dariya. Fasto Eli ya ce, "Yesu mai ceto!" ya dafe ƙirji. Malam Nathan ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Baba bai dubi kwamiti ba. Yana nan durƙushe, bakinsa a buɗe, yana kallon ɗan hayaƙin da ke tashi.

"Ashe yana da rai," ya ce a hankali. Sai ya zabura. "Malama, rufe, rufe, iska na shiga!"

Da muka naɗe robar, ya riƙe mini hannu ya ce in gaya masa abin da ke sa shi yin haka, don ba wanda ya taɓa gaya masa. Na tsuguna na zana masa a ƙasa da tsinke, yara suka matso suka kewaye mu. Na ce ƙwayar sodiyam ilektiron goma sha ɗaya gare ta: biyu a layin ciki, takwas a na biyu, sai guda ɗaya da ya rage shi kaɗai a layin waje. Wannan gudan ne ba ya zama. Da ya haɗu da ruwa sai ya fice da ƙarfi, ruwan ya saki iskar haidirojin, zafi ya kunna ta. Amma in sodiyam ya riga ya ba da gudan nan, misali ya ba wani sinadari wai shi kulorin, sai ya natsu ya zama gishirin miya, kuma a haka yake yawo a jininmu ba ya ƙona kowa.

"Guda ɗaya kawai?" ya ce.

"Guda ɗaya, Baba."

Ya girgiza kai yana kallon zanen. Yarinyar nan da ta tambaya ko sai a jarrabawa za su gani tana kwafa a bayan hannunta, don ba ta fito da littafi ba.

Kwamiti ya shiga sito ya ga gwangwanaye, aka mayar masa da makulli a ranar. Ni kuwa na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa ranar Lahadi. Na yi niyyar in tashi a gaban jama'a in ce ni na kai ƙara, na ga kwalabe a taga ban tambaya ba, ya roƙe ni a duba layi na yi banza da shi. Na haddace kalmomin tsaf. Da Fasto ya sanar cewa bincike ya wanke Dattijo Gershon, an ɗage horo, ya koma wurinsa, bai ambaci sunana ba. Ya ɗan dakata yana duban jama'a. Wurin tashi ke nan, na sani. Ban tashi ba. Na zauna ina kallon bayan bencin da ke gabana har aka fara waƙa, ina jin haushin kaina kamar in fashe.

Lahadin jibi ce. Dattawa suka ɗauki farantai suka rabu layi-layi, kuma tun daga nesa na ga layin da zai faɗo masa. Rigar ta sha guga. Yana tafe a hankali, mutane na ɗauka suna sunkuyar da kai, har ya iso kaina. Na ƙudura ba zan ɗauka ba, don an koya mana tun muna yara cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa laifi bai nemi gafara ba, ba ya miƙa hannu. Na haɗe hannuwana a cinya, na sunkuya, ina jira ya wuce.

Bai wuce ba. Ina ganin takalmansa a gabana, ba su motsa ba. Na kusa da ni ta taɓa ni da gwiwar hannu. Waƙa ta kai ƙarshen baiti aka sake ɗaukowa, yana nan tsaye, mutane sun fara juyowa. Sai ya ɗan rusuno, warin kananzir ya bugi hancina duk da gugar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji:

"Ɗiyata, ɗauka mana. Hannu na ya gaji."

Na ɗauka. Hawaye ya riga gurasar isa bakina, da gishirinsa na haɗiye ta.